Wa Ya Kwashe Littattafan Sakkwato Zuwa Ibadan?

Ɗan Rima: Jama'a, abin nan na ci mini tuwo a ƙwarya. Jami'ar Ibadan ta buɗe a 1948, laburarenta ya tashi da littattafai wajen 18,000 na marigayi Henry Carr, wani masanin ilimi na Legas, haɗe da na Kwalejin Yaba. Na Larabcin fa? Mataimakin shugaban laburaren, Kensdale, ya zo Arewa a shekarun 1950 ya kwashe rubuce-rubucen Shehu da Abdullahi na Gwandu da Bello. Ubangidansa John Harris, Baturen Ingila, ya sa masa albarka. Kayan kakanninmu, sai mun keta Kwara kafin mu gani!

Uwar Biyu: Malam, gyara kaɗan. Harris ɗan Nuzilan ne, daga Jami'ar Otago ya zo.

Ɗan Rima: Hajiya, jan kunne duk Bature ne.

Na Fagge: A'a. Mutanen Labanan da ke Kantin Kwari fa? Kwara muke ce musu, ba Turawa ba.

Ba'ilori: Wane Kwara? Ku daina jefa jiharmu cikin rigimarku.

Na Fagge: Ba da ku nake ba, ɗan'uwa, je ka koyi Hausa.

Ɗan Samaru: To Abdullahi Smith fa? Ya koyar a Ibadan, ya dawo Zariya 1962, ya musulunta, ya kafa Arewa House a Kaduna 1970. Shi ma Bature za ku kira shi?

Na Fagge: Musulunci na sauya fata ne? Baturen Musulmi ne, shi ke nan.

Ɗan Samaru: Ka iya bakinka, malamin malamanmu ne.

Uwar Biyu: Ni dai na san cibiyar adana takardun Larabci da masani John Hunwick ya kafa a Ibadan 1964 aron takardu take yi, ta ɗauki hotonsu ta mayar. Wannan ba kwashe ba ne.

Ɗan Rima: Kakana ya ce an kwashe.

Na Fagge: Ku Sakkwatawa komai kakana.

Ɗan Rima: Kanawa su yi shiru, tutar taku daga ina aka karɓo ta?

Admin (Samaru): An rufe. Abin da na fahimta: Harris ɗan Nuzilan ne, Hajiya ta yi gaskiya. Maganar kwashe ba a kawo hujja ba. Abin da kowa ya amince da shi kuwa, Zariya ce ta riƙe tarihin Arewa, kuma Farfesa Abdullahi Smith namu ne. Na Fagge, ka goge maganar fata.