Me alƙalai ke gani a gasar diresaj da mu 'yan kallo ba ma gani?

Sabon Ɗan Kallo:
Assalamu alaikum jama'a. A gasar diresaj, wadda wasu ke kira rawar doki, dawaki biyu kan yi abu iri ɗaya a idon ɗan kallo, amma wannan ya samu 80 cikin ɗari, wancan ya tsaya a 68. Ina bambancin yake? Kuma yaya mahayi ke ba doki umarni alhali ba a ga ya motsa ba?

Mai Sirdi:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ɗauke idonka daga ƙafafun gaba, su ne ke ruɗin sabon ɗan kallo. Na baya za ka kalla. A halittarsa doki ya fi ɗora nauyinsa a gaba, shekarun da ake kwashewa ana horo duk don ya mayar da nauyin baya ne: ya shigo da ƙafafun baya ƙarƙashin cikinsa, ƙugu ya ɗan sauka, kafaɗu su samu sauƙi. Aiki ne na gina tsoka, shi ya sa FEI, hukumar wasannin dawaki ta duniya, ba ta yarda doki ya shiga Grand Prix, wato matakin ƙoli na gasar, sai ya kai shekara 8.

Sannan ka ƙirga taku. Tafiya bugu 4 ce, ƙaramar sukuwa 3, sassarfa 2, inda ƙafar gaba ta dama ke sauka tare da ta baya ta hagu. In mahayi ya takura wa doki da linzami a tafiya, sai ƙafafun gefe ɗaya su fara tashi kusan tare kamar na raƙumi. Nan take maki ya zube.

Filin mita 20 ne a faɗi, 60 a tsawo, da haruffa a gefensa masu nuna inda kowane motsi zai fara da inda zai ƙare. Maki daga 0 zuwa 10 ake bayarwa. A Olamfik alƙalai 7 ne: na wajen harafin C, a tsakiyar gajeren gefen fili, ya fi ganin miƙewar doki, na E da B, a tsakiyar dogayen gefuna, sun fi ganin tsawon taku.

Hajiya Mai Dawaki:
Batun umarni kuwa, ƙanena, mahayi na motsi, ƙanƙanta shi aka yi har ya ɓace wa ido. Da mazauni, da ƙwauri, da yatsu yake magana. Yin murya ma rage maki ake yi, bulala kuma ba ta shiga fili a gasar ƙasa da ƙasa.

Duba canjin ƙafa a ƙaramar sukuwa. A Grand Prix doki zai canza ƙafar da ke jagora sau 15 a jere, kowane taku da canjinsa. Canjin na faruwa ne a ɗan lokacin da kofato huɗu ke sama, don haka dole umarni ya riga shi isa. In ya makara, gaba ta canza baya ba ta canza ba, ko doki ya riƙa wurga ƙugu dama da hagu. A fiyaf, wato sassarfa a wuri ɗaya, taku 12 zuwa 15 ake nema. Wallahi ganin dabba mai nauyin fiye da kilo 500 tana wannan ba tare da an ja ta ba, abin burgewa ne.

Mai Sirdi:
Haka ne Hajiya. Juyi a kan ƙafafun baya ma taku 6 zuwa 8 ne, kuma ƙafar baya ta ciki kada ta kafe a ƙasa.

Dattijon Barga:
Ku yi mini afuwa in ƙara wani abu, don ba duk ɗaga ƙafa ne kyau ba. Dokin da gadon bayansa ya sandare zai iya watsa ƙafar gaba sama 'yan kallo su yi tafi, alhali a takure yake. Ka duba baki: a buɗe yake, ko harshe ya fito? Jela na kaɗawa da fushi? Ƙeya ce ya kamata ta fi ko'ina tsawo, hanci kuma ya ɗan ɗara goshi gaba, ba a lanƙwashe shi zuwa ƙirji ba. FEI ta haramta lanƙwasa wuya da ƙarfin tsiya tun 2010, kuma in aka ga sabon jini a baki ko a gurbin ƙaimi, fitar da doki ake yi.

Yaro, nemi bidiyon dokin nan Valegro a Landan a 2014, ranar da ya samu 94.3 cikin ɗari a rawa da kiɗa. Kalla sau ɗaya da sauti, sannan ka kashe sautin ka bi ƙafafun baya kawai.