Sholay: da gaske akwai kwafin da aka kashe Gabbar?

Ɗan Fagge

Assalamu alaikum. Masana finafinan Indiya na da, a raba mana gardama don Allah. Wasu dattawa sun dage cewa akwai Sholay ɗin da Thakur ya kashe Gabbar Singh da ƙafarsa, wasu kuma sun ce sam, 'yan sanda ne suka tafi da shi. Ana kuma cewa da harsashin gaske aka yi harbe-harben fim ɗin, kuma wai in mutum ya lura zai hango hannun Thakur duk da a labarin an sare masa su. Wanne ne gaskiya, wanne ne zancen majalisa?

Mai Majigi

Wa alaikumus salam, Malam. Dattawan nan duk suna da gaskiya, domin ƙarshe biyu aka ɗauka.

Wanda darakta Ramesh Sippy ya fara ɗauka shi ne Thakur ya tattake Gabbar da takalmi mai ƙusoshi har ya mutu, sannan ya fashe da kuka. To fim ɗin ya je hannun hukumar tace finafinai ne a daidai lokacin da Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci a watan Yunin 1975. Hukumar ta ƙi yarda a nuna tsohon jami'in ɗan sanda yana ɗaukar doka a hannunsa kuma ya wanye lafiya. Dole aka sake tara 'yan wasa aka ɗauki sabon ƙarshe, inda 'yan sanda suka iso kafin Thakur ya ƙarasa shi. An kuma cire wurin da ake buga ƙusoshi a takalmin, aka rage fitowar da aka kashe Ahmed ɗan liman. Wannan kwafin mai minti 198 shi aka saki ranar 15 ga Agusta 1975, shi ne ya shekara biyar ana haska shi a silimar Minerva ta Bombay.

Na asalin mai minti 204 bai ɓata ba. Ya fito a kaset ɗin bidiyo a Ingila a 1990, daga baya kamfanin Eros ya buga shi a faifai. Wanda ya san fim ɗin a silima ya ga zuwan 'yan sanda, wanda ya ci karo da wancan kaset ya ga mutuwar Gabbar. A watan Yunin 2025 an haska kwafin da Film Heritage Foundation ta gyara, da ƙarshensa na asali, a bikin tsofaffin finafinai na Bologna a Italiya. A ganina na farkon ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, don dukan labarin an gina shi ne a kan ramuwar Thakur, kuma kukan da ya yi bayan kisan shi ke nuna ramuwar ba ta mayar masa da kowa ba.

Sai dai a yi hattara da wani abu. Ba duk wanda ya ce “a tamu silimar babu wannan wurin” ne ya ga wani kwafi na daban ba. Zaren fim mai faɗin milimita 35 yana gudu ƙafa 90 a minti ɗaya, hoto 16 a kowace ƙafa. Kwafin da ya zaga silimomi irin su Plaza da El Dorado a Kano na shekaru, duk inda ya tsinke yankewa ake yi a liƙe, kuma farkon faifai da ƙarshensa su suka fi cin wuya. Wani lokacin mai haskawa yakan tsallake waƙa sukutum don a tashi da wuri. Sirrika da yawa daga nan suka samo asali.

Baban Khalifa

Bari in ɗauki maganar hannun, don tana da alaƙa da yadda aka ɗauki hoton.

A lokacin babu kwamfutar da za ta goge hannu. Sanjeev Kumar, wanda ya fito a matsayin Thakur, yana mayar da hannayensa baya a cikin doguwar riga, hannun rigar ya sauko fanko, a yafa masa mayafi. Sauran aikin na mai kyamara ne, Dwarka Divecha: ya ɗauke shi daga gaba, ya tsayar da hoton inda ba za a ga tudun bayansa ba. Dabarar tana tafiya daidai muddin yana tsaye. A faɗan ƙarshe kuwa yana tsalle yana shuri, jiki kuma da kansa yake neman hannu don kada ya faɗi, shi ya sa a nan ne masu sa ido suke cewa sun hango yatsu a ƙarƙashin rigar.

Ga abin da ya ƙara tona asirin. Ana tallar Sholay a matsayin fim mai milimita 70, amma da kyamarar 35 aka ɗauke shi, aka kai Landan aka faɗaɗa. Hoton 35 ɗin kusan murabba'i ne, faɗi 4 tsayi 3. Na 70 kuwa faɗinsa ya ninka tsayinsa sau 2.2. Don a samu wannan siffa sai an datse sama da ƙasa, kusan kashi 40 cikin ɗari na tsayin hoton. Mai kyamara ya san haka, don haka abin da ya faɗa gefen da za a datse bai dame shi ba. Faifan da ya fito da cikakken hoton yana nuna abin da ba a yi nufin kowa ya gani ba. Ribar da aka samu a 70 ɗin ta fi yawa a sauti: akwai layukan maganaɗisu masu ɗaukar sauti kashi shida, shi ya sa ƙarar kwabon da Jai (Amitabh Bachchan) ke cillawa da ta harbi suke zagaye ɗakin kallo.

Hajiya Uwar Biyu

Sannu da ƙoƙari, Baban Khalifa. Batun harsashi kuma a bambance abu biyu. Harbin fim na yau da kullum da harsashi marar kai ake yi: kwanso da albarushi, an matse bakinsa, yana ba da wuta da ƙara kawai. Ƙurar da ke tashi a jikin dutse ɗan ƙaramin nakiya ne da aka binne aka ja masa waya zuwa batir, mutum yana gefe yana tayarwa daidai da harbin. Ko marar kan ma yana kisa in an harba a kusa, don iskar da ke fita tana da ƙarfi.

Labarin harsashin gaske daga bakin Amitabh Bachchan ya fito, a shirinsa na Kaun Banega Crorepati. Ya ce a fitowar da Veeru ke kwasar harsasai kusa da ƙarshe, an yi ta maimaitawa harsasan suna zubewa, ran Dharmendra, wanda ya fito a matsayin Veeru, ya ɓaci ya ɗura ya harba, harsashin ya wuce ta gefen kunnen Amitabh. Wannan shaidar wanda abin ya faru a gabansa ce, amma ba ta nufin duk harbin fim ɗin haka aka yi shi.

Abin da ya fi damuna shi ne wadda ta ji ciwo na gaske ba a cika ambatonta ba. Reshma Pathan ce ta maye gurbin Hema Malini a tseren keken doki, keken ya kife da ita ta ji rauni. A wuraren da ba a nuna fuskar Basanti (Hema Malini) a wannan tseren, Reshma ce a kan keken.

Ɗan Fagge

Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: garin Ramgarh na cikin fim ɗin yana nan?

Mai Majigi

Ginawa aka yi. Duwatsun na Ramanagara ne a jihar Karnataka, kimanin kilomita 50 daga Bengaluru. Ram Yedekar ne ya tsara ƙauyen, har hanya sai da aka fasa daga babban titi don motocin kaya, aka fara ɗauka a Oktoban 1973. Faɗan jirgin ƙasa kuwa ba a can aka yi ba, kusa da Panvel ne a layin Bombay zuwa Pune, ya ci sama da mako bakwai. Fitowar da Radha, surukar Thakur, ke zagaya fitilu Jai yana busa harmonika ta ɗauki kusan kwana 20, saboda ana son hasken da ke tsakanin faɗuwar rana da duhu, wanda 'yan mintoci ne a kowace rana. In an makara sama ta yi baƙi, in an yi sauri hasken fitilar ba ya fitowa. Wanda ya je yau duwatsun zai tarar, ƙauyen an rushe shi, kuma tun 2012 aka keɓe tsaunin Ramadevara a matsayin gandun kare ungulaye.