Musayar waƙa: likitan da ya bi sawun ƙugiya

Basarken Yauri:
Salamu alaikum mutanen zaure, ku ba ni hanya,
Zan waƙe likita Andrew Herd na Birtaniya,
A yankin Durham ya yi ta duba marasa lafiya,
Ya kuma rubuta tarihin masu jefa ƙugiya,
The Fly, wato Ƙuda, sunan littafin, shekara wajen 2,000 ya koma baya.

'Yar Katsina:
Baba, gafara dai, ina da tambaya:
Ga jama'a kwance suna jiran mai jinya,
Ina likita ina tonon tsohuwar ajiya?
Kifin da aka cinye tun zamanin jahiliyya,
Wa labarinsa zai tayar daga tabarmar wuya?

Basarken Yauri:
'Yata, likita kafin ya rubuta ƙwaya,
Sai ya ce: yaushe ya fara? A ina? Faɗi gaskiya.
Da wannan kunnen ya saurari mutanen baya.

Ɗalibin Tarihi:
Yaya, ga abin da ke farkon tafiya:
Wajen shekara ta 200, marubuci Aelian na Rum ta Italiya,
Ya ba da labarin kogin Astraeus a Masedoniya,
Masunta can ba sa soka tana a ƙugiya,
Jan ulu suke naɗawa, su ɗaure da dabara ɗaya,
Gashin zakara biyu a kai, ga ƙuda na ƙarya,
Kifi ya taso ya cafka, shi ke nan ya shiga wuya.
Wane kogi ne a yau? Masana na ta jayayya.
A 1496 aka buga littafin fatsa a Birtaniya,
Ƙudan ƙarya iri 12 ya lissafa, igiya kuwa gashin wutsiya,
An ce wata mata, Juliana Berners, ta rubuta, hujjar ba ta tsaya.

'Yar Katsina:
Ƙanena, wutsiyar me? Kada ka sa ni dariya.

Ɗalibin Tarihi:
Ta doki, Yaya, a murɗa ta zama igiya,
Kifi ɗan mitsitsi, sili ɗaya ya biya,
Babban kifin salmon kuwa sili 15, littafin ya ajiye bisa hanya.

Basarken Yauri:
Ɗana, ni da na ja da giwan ruwa a tsakiya,
Na san hannun da ke riƙe siririyar igiya,
Ka ja, ka saki, har ya gaji ya juya baya,
In ka fizga ta tsinke, ka koma gida da kunya.

'Yar Katsina:
Baba, na ji, amma ban sauka daga tambaya:
Su waye suka koya wa mutanen Masedoniya?