Kamfanoni suna sayen amfanin gona a hannun ƙananan manoma: ta yaya za a gane ko talauci ya ragu?

Mai sayen hatsi, Bukuru:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a sashen sayen masara da waken soya na wani kamfanin abincin kaji a nan Jos, kuma duk ƙarshen shekara akan nemi mu rubuta rahoto a kan alfanun da cinikinmu ya kawo wa ƙananan manoma. Abin da muka saba rubutawa shi ne yawan manoman da muka yi wa rajista, da nauyin kayan da muka saya, da jimillar kuɗin da muka biya. Alƙaluman nan babu ƙarya a cikinsu, sai dai ba su nuna halin da gidan manomi yake ciki ba, domin mutum yana iya sayar mana da buhuna masu yawa ya koma gida da bashin taki a wuyansa. Bana masu zuba jari sun ce hujja suke so cewa talauci ya ragu. Ina roƙon duk wanda ya taɓa shiga irin wannan lamari, manomi ne ko malamin gona ko mai tattara bayanai, ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Sakataren ƙungiyar manoman dankali, Bokkos:

Wa alaikumus salam Malam. Ƙungiyarmu ta taɓa ƙulla yarjejeniya da wani kamfani mai soya dankalin turawa, kuma farashin da ya sa a takarda ya fi na kasuwa. Ranar awo aka shimfiɗa tamfol, aka juye buhunan, yaran kamfanin suka zauna suna tsince dankalin ɗaya bayan ɗaya: ƙanana gefe guda, waɗanda fartanya ta yanka gefe guda, masu kore-kore gefe guda. Wanda ya rage shi aka ɗora a sikeli. Sauran kuwa sai muka kwasa muka kai wa dillalai, su kuma da suka ga an riga an zare manyan, suka taya yadda suka ga dama.

A rahoton kamfanin an rubuta farashin da ya biya a kan kowane buhu, amma ba a rubuta abin da ya sami tsintaccen ba, ba a kuma cire kuɗin iri da taki da maganin feshi ba. Duk wanda ya san dankali a Filato ya san cewa in damina ta yi nauyi, cutar nan mai ƙone ganye tana iya cinye gona cikin 'yan kwanaki in ba a yi ta feshi ba, feshin kuma kuɗi ne. Duk da haka ba zan ce ba mu amfana ba, domin kuɗin ya shigo asusun banki a kan lokaci, kuma ba mu ajiye dankali a ɗaki yana ruɓewa muna jiran mai saye ba. Ni dai a ganina, abin aunawa shi ne abin da ya saura a hannun manomi daga gonar gaba ɗaya bayan ya biya kowa haƙƙinsa.

Malamin gona, Mangu:

Sakatare ya taɓo inda ke yi mana ƙaiƙayi. Zan ƙara da maganar lokacin da ake zuwa tambaya. Masu bincike sun fi son zuwa da kaka, saboda hanya ta bushe kuma mutane suna gida, a lokacin kuwa kowa da kuɗi a aljihu, rumbu cike. Manomin masarar da ya ce maka Alhamdulillahi a watan Nuwamba, ka koma wurinsa a Yuli ko Agusta, sai ka tarar da shi a kasuwa yana awon masara mudu-mudu a farashin da ya fi wanda ya sayar nesa ba kusa ba. Tambayar da na ga ta fi bayyana gaskiya ita ce: a wane wata hatsin gidanka ya ƙare bara, kuma da ya ƙare me ka sayar ko wa ka ranta?

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Idan kamfani ya zo neman manoma, mu malaman gona ake ce wa mu kawo sunaye, kuma a zahiri waɗanda muke kaiwa su ne masu gonar kansu, kusa da titi, waɗanda muka tabbata za su cika alkawari. Mai aron gona, da gwauruwar da ke noma ɗan fegi a bayan gida, da na can cikin lungu inda mota ba ta shiga, ba kasafai suke shiga jerin ba. Bayan shekara biyu sai a kwatanta manoman kamfani da maƙwabtansu, a ga sun fi su rufin kwano da babur, a ce aikin kamfani ne, alhali tun kafin kamfanin ya zo sun fi su.

Akwai kuma waɗanda suka ɓace daga lissafi. Rikicin da ya auka wa Mangu a 2023 ya raba iyalai da yawa da gonakinsu. Da aka dawo zagaye na biyu na wani bincike da na yi wa rakiya, duk wanda ba a same shi a gida ba sai aka tsallake sunansa, aka yi lissafi da waɗanda aka tarar. Sakamakon ya fito da kyau, amma waɗanda suka fi kowa shiga ƙunci babu su a ciki, kuma har yau abin yana damuna.

Ma'aikaciyar ƙididdiga, Abuja:

Na gode, Malam, domin abin da ka bayyana shi ne babbar matsalar wannan fanni. Bari in kawo ma'aunan da ake da su. Binciken yanayin rayuwa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2018 zuwa 2019 ya sa layin talauci, wato mafi ƙarancin abin da mutum ke buƙatar kashewa don biyan buƙatunsa na dole, a kan naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, ya kuma gano kashi 40.1 cikin ɗari na jama'a, wato kimanin mutum miliyan 82.9, suna ƙasa da shi, ban da jihar Borno da ba ta shiga lissafin ba. A Nuwamban 2022 hukumar ta fitar da wani ma'auni da ke duba lafiya da ilimi da muhalli da aikin yi da tsaro, wanda ya nuna kashi 63 cikin ɗari, mutum miliyan 133, suna cikin talauci ta fuskoki da dama, kashi 72 a karkara, kashi 42 a birane. Wannan ya nuna cewa kuɗin amfanin gona yana iya ƙaruwa gida bai fita daga talauci ba, in babu ruwa mai tsabta ko asibiti a kusa.

Kamfanoni da yawa suna amfani da wani gajeren ma'auni da ake kira PPI, mai tambayoyi 10 a kan abubuwa irin su yawan mutanen gida da kayan da suka mallaka, wanda ke ba da ƙiyasin yiwuwar gida yana ƙasa da layin talauci. Na yi aiki da shi, kuma yana da sauƙi da arha, yana da kyau wajen amsa tambayar ko matalauta ne kamfani yake saye a hannunsu. Amma shi kaɗai ba ya iya tabbatar da cewa kamfanin ne ya kawo canji. Wannan sai an auna mutane tun kafin a fara ciniki, an samu wasu masu kama da su da ba su shiga ba, an bi duka ɓangarorin biyu har da waɗanda suka fice.

Sannan a kula da darajar naira. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024 idan aka kwatanta da Disamban 2023. Duk rahoton da ya ce kuɗin manomi ya ƙaru tsakanin 2022 da 2024 ba tare da ya cire wannan ba, bai faɗi komai ba tukuna.

Hajiya mai sarrafa acca, Jos:

Ni ƙaramar mai saye ce, ina ɗaura acca a leda ina aikawa Abuja da Legas. 'Yata, duk ma'aunan da kika lissafa gida suke aunawa a dunƙule, kamar kuɗin da ya shigo kowa ya samu rabonsa. Wanda ya taɓa ganin aikin acca ya san inda wahalar take. Mata ne ke surfe ta a turmi, su sheƙe, su kai ta ruwa su yi ta rairaya da ƙorai biyu har sai yashi ya kwanta a ƙasa, su shanya, su tsare ta daga kaji. Da na fara biyan kuɗi mai kyau a kan wankakkiya, sai mazan suka fara kawo ta da kansu suna karɓar kuɗin. Wata mata ta ja ni gefe ta ce, Hajiya, aikin ya ƙaru, amma abin da nake samu na sa a adashe ya ragu. Tun daga nan nake biyan kuɗin wanki daban, a hannun wadda ta wanke. In za ku yi tambaya, ku tura mace ta zauna da matan gida su kaɗai, ta tambaye su wa ya riƙe kuɗin da abin da aka yi da su.

Mai sayen hatsi, Bukuru:

Allah Ya saka da alheri, Hajiya. Namu ɓangaren ma yana da abin faɗa. A shekarun da farashi yake tashi kowane mako, manoma da dama da muka ba taki bashi sun kai masararsu kasuwa saboda ta fi farashin yarjejeniya. A littafinmu an rubuta su a matsayin waɗanda suka karya alkawari, aka cire su daga shirin, ba a sake waiwayarsu ba. Yanzu na ga cewa su ma ya kamata a bi sawunsu, domin wataƙila wasunsu sun fi waɗanda suka tsaya samun riba, wasu kuma bashi ne ya kore su.

Dattijo manomi, Barkin Ladi:

Ɗana, ka bar mini magana ɗaya. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Kebbi a 2015, mutanen karkara sun koyi cewa duk wanda ya zo da takarda ko waya yana rubuta suna, wani rabo ne ke tafe. Saboda haka in ka tambayi mutum awaki nawa gare shi, zai duba fuskarka tukuna. In yana zaton tallafi ne, ba shi da ko kaza. In yana zaton za a ba da bashin taki ne, gonarsa ta ninku. In kuwa yaron kamfanin da ke auna masa kaya shi ne mai tambayar, to komai lafiya lau, domin ba ya so a cire sunansa baɗi. Ku samo wanda ba ya saye, ba ya rabo, ya fara zuwa gaban mai unguwa ya bayyana cewa amsar ba za ta ƙara wa kowa ko ta rage masa komai ba.

Malamin gona, Mangu:

Gaskiya ne, Baba. Saura mutum ɗaya da ba mu ambata ba, wato ɗan ƙwadago. Manomin da ya faɗaɗa gona saboda ya samu mai saye tabbatacce, ba shi kaɗai yake yin huɗa da noma da girbi ba, yana ɗaukar samari da mata a biya su kullum ko a kan kunya. Su ne suka fi shi talauci, kuma sunansu ba ya cikin rajistar kowane kamfani. Malam na Bukuru, in za ku tsara takardar tambayoyinku, ku sa layin da zai nuna mutum nawa manomi ya ɗauka aiki bana da bara, kwana nawa suka yi, da nawa ya biya su, sannan a nemi kaɗan daga cikinsu a ji daga bakinsu.