Ma'aunin CIS ya ce a kashe, ofishin kuɗi ya ce a bari: wa za a bi?

Mai Kula da Sabar ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aikin kula da kwamfutoci a wata kwaleji, kuma an ɗora mini nauyin ƙarfafa tsaron sabobinmu kafin masu bincike su zo. Muna da sabar Ubuntu da ke ɗauke da shafin rajistar ɗalibai, da kuma tsohuwar sabar Windows Server 2012 R2 wadda manhajar biyan albashi take kai. Na sauke ma'aunan CIS na kowannensu, wato jerin shawarwarin saitin tsaro da Cibiyar Tsaron Intanet (CIS) ke fitarwa, na gwada da manhajarsu ta dubawa, CIS-CAT, sai sakamakon ya nuna sharuɗɗa masu yawa da ba mu cika ba. Abin da ya fi damuna shi ne ma'aunin ya ce a kashe SMBv1, tsohuwar hanyar musayar fayiloli tsakanin kwamfutocin Windows, alhali manhajar albashin ba ta iya magana da kwamfutocin ofishin kuɗi sai da shi. Shin wajibi ne in cika kowane sharaɗi, ko akwai hanyar da ake bi wajen zaɓen abin da za a fara da shi? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Injiniya ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ba wajibi ba ne, kuma su kansu waɗanda suka rubuta ma'aunin ba su yi nufin a aiwatar da shi ido rufe ba. Cibiyar CIS, wadda aka kafa a Amurka a shekarar 2000, ta raba shawarwarinta mataki biyu. Mataki na farko ya ƙunshi gyare-gyaren da ake sa ran ba za su hana aiki gudana ba, na biyu kuwa an tsara shi ne domin wuraren da tsaro ya fi sauƙin aiki muhimmanci, kuma yana iya tsayar da wasu manhajoji. Akwai kuma ma'aunin STIG na ma'aikatar tsaron Amurka, wanda ya fi su tsauri, amma ban ga dalilin da zai sa kwaleji ta fara da shi ba.

Ma'auni yana faɗa maka yadda ya kamata a saita na'ura, amma bai san wace na'ura ce ta fi daraja a wurinku ba, kuma bai san wa ke iya isa gare ta ba. Wannan aikin kimanta haɗari ne, kuma jagorar NIST, hukumar ma'aunai da fasaha ta Amurka, mai lamba SP 800-30, wadda aka sake fitarwa a 2012, ta tsara shi dalla-dalla: a gano barazana, a gano rauni, a auna yiwuwar faruwar abin, sannan a auna girman ɓarnar da zai jawo. Idan ka ɗora lamarinka a kan wannan, za ka ga cewa sabar Ubuntu ce ya kamata ta fara samun kulawarka, domin ita ce ke fuskantar intanet, kuma duk wanda ke duniya yana iya ƙwanƙwasa ƙofarta. A kanta, ka hana shiga ta SSH (hanyar shiga sabar daga nesa) da asusun root mai cikakken iko, ka koma amfani da makullin SSH maimakon kalmar sirri, ka rufe duk ƙofar sadarwa (port) da ba a amfani da ita, ka cire manhajojin da aka girka aka manta da su, sannan ka tabbatar gyaran tsaro yana sauka a kan lokaci. Waɗannan kaɗan sun fi sharuɗɗa da dama da suka shafi saƙon gargaɗin shiga ko tsawon lokacin kulle allo amfani, ko da yake a takardar sakamako duk maki ɗaya ake ba su.

Kada ka taɓa sabar da ake aiki da ita kai tsaye. Ka yi kwafinta a na'urar gwaji, ka shigar da gyare-gyaren rukuni-rukuni, domin idan wani abu ya tsaya ka san wane gyara ne ya jawo.

Mai Binciken Tsaro ta amsa:

Na yarda da yawancin abin da Injiniya ya faɗa, amma ina jin tsoron kada mai tambaya ya fahimci cewa tsohuwar sabar za ta iya jira don kawai ba ta fuskantar intanet. SMBv1 ba ƙaramin sharaɗi ba ne. Ta rauninsa ne cutar kwamfuta mai neman kuɗin fansa, WannaCry, ta bazu a watan Mayun 2017, ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin hukumar lafiya ta Ingila, duk da cewa Microsoft ta riga ta fitar da gyaran MS17-010 tun watan Maris na shekarar. Irin wannan cuta ba ta bukatar sabar ta kasance a buɗe ga duniya. Ya isa kwamfuta ɗaya a cikin gida ta kamu, sai ta bi ƙofa ta 445 ta riƙa tsallakawa daga wannan zuwa waccan. A kwaleji kuwa, inda kowane ma'aikaci ke soka filas ɗinsa a duk kwamfutar da ya samu, yiwuwar hakan ba ƙarama ba ce.

Ƙari a kan haka, Microsoft ta daina tallafa wa Windows Server 2012 R2 tun watan Oktoban 2023, wato duk raunin da aka gano bayan nan zai zauna a buɗe, sai ga wanda ya biya kuɗin ƙarin tallafi. Don haka ko ka cika dukkan sharuɗɗan CIS a kanta, tushen ya riga ya tsufa. Shawarata ita ce, muddin ba za a iya kashe SMBv1 yanzu ba, a killace sabar a sashen sadarwa nata ita kaɗai, a saita katangar tsaro ta yadda kwamfutocin ofishin kuɗi ne kawai za su isa ƙofa ta 445, a rufe RDP, hanyar sarrafa Windows daga nesa da ke ƙofa ta 3389, ga kowa in ban da kwamfutar mai kulawa, kuma a ajiye kwafin bayanan albashi a wurin da ba ya haɗe da sadarwar. Kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, ni ba na ƙirga shi.

Tsohon Injiniya ya ƙara:

Hajiya ta yi gaskiya, na karɓi gyaran. Abin da zan ƙara shi ne, duk sharaɗin da ka bari ba ka cika ba, ka rubuta shi: dalilin barinsa, matakin da aka ɗauka a madadinsa, da ranar da za a sake dubawa, sannan shugaban da ke da iko ya sa hannu. Karɓar haɗari ba hurumin injiniya ba ne, na hukumar makaranta ne, musamman tun da Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa (NDPC) cikin awa 72 idan aka samu kutsen da zai iya cutar da masu bayanan.

Mai Kula da Sabar ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Malam da Hajiya. Zan fara da sabar Ubuntu da kuma killace tsohuwar a wannan makon, sannan in kai wa magatakarda takardar buƙatar sauya manhajar albashin. Tambaya ɗaya ta rage mini: tsakanin manhajojin duba saitin tsaro Lynis da OpenSCAP, wanne ya fi dacewa in riƙa gudanarwa duk wata domin in gane idan wani ya sauya saitin da na gyara?