Neman kalma: shekarun da matuƙin jirgin fasinja ke sauka daga tuƙi

Mai_Fassara: Assalamu alaikum. Me za mu kira "mandatory retirement age" na matuƙan jiragen sama? Na ga ana rubuta "ritayar dole", amma ba ta kwanta mini ba.

Kyaftin: Wa alaikumus salam, Malam. Da gaskiyarka. A kunnen Bahaushe, wanda aka yi wa ritayar dole laifi ya yi ko kuma an ga bayansa. Nan kuwa ƙa'ida ce ta ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya: tun Nuwamba 2014, a jirgin haya mai ƙetare ƙasashe da matuƙa biyu ke ja, babu wanda zai zauna a kujerar tuƙi da zarar ya cika 65. In matuƙi ɗaya ne tak a ciki, 60 ce iyakarsa. Daga 2006 zuwa 2014 an yarda kyaftin ya kai 65, da sharaɗin abokin tuƙinsa bai kai 60 ba.

Kuma ba ritaya ce ta gaske ba. Lasisinsa bai mutu ba. Yana iya koyarwa a na'urar kwaikwayon tuƙi, ko ya tuƙa jirgin da ba na haya ba in lafiyarsa ta yarda. Kujerar jirgin haya kawai aka hana shi.

Mai_Fassara: To "murabus" fa, ko "wa'adin tuƙi"?

Ɗan_Jarida: Murabus da kansa mutum ke yi, a bar wa masu sarauta. Wa'adi kuma daga ranar kama aiki ake ƙirga shi. Wannan daga ranar haihuwa ne: wanda ya fara tuƙi yana da 25 da wanda ya fara yana da 45, duk a 65 za su sauka.

Likitan_Matuƙa: Ina goyon bayan kalmar da ke da "iyaka" a ciki, don iyakar tana motsi. Amurka ta kafa 60 a 1959, ta ɗaga zuwa 65 a Disamba 2007, yunƙurin kai ta 67 kuma bai samu shiga dokar sufurin jiragen sama ta 2024 ba. Japan ta yarda da 67 tun 2015, sai dai wanda ya haura 65 ba zai ja jirgin haya zuwa ƙasar da ke bin ƙa'idar ICAO ba. Abin tsoron shi ne bugun zuciya ko shanyewar jiki su kama mutum farat ɗaya a sama, shi ya sa daga 60 gwajin lafiya ke komawa duk wata shida maimakon shekara.

Kyaftin: Likita ya kawo mu gida. "Iyakar shekarun tuƙi".

Ɗan_Jarida: Ranka ya daɗe, a kanun labari sai a ɗauka direban mota ake nufi. A ƙara "jirgin fasinja" a ambaton farko, daga baya a gajarta.

Mai_Fassara: Na ɗauka. "Iyakar shekarun tuƙin jirgin fasinja", wanda ya kai ta kuma a ce "ya sauka daga tuƙi". Na gode, Allah ya ƙara basira.