Gardama kan "idan… to…" kafin WAEC

Aminu: Jama'a tambayar lojik da anka kawo a lasin jiya, "idan ka ci WAEC, to Baba zai sai ma waya", ni dai na ce negeshan ɗinta, wato kishiyarta, shi ne "idan ka ci WAEC, to Baba ba zai sai ma waya ba" kuma har yanzu ina kan bakana

Hauwa'u: A'a Aminu wallahi ba haka ba ne. Yaushe Baba ya saɓa alkawari? Sai in ka ci kuma bai saya ba. Shi ne negeshan, p da ~q (p "ka ci", q "zai saya", ~q "bai saya ba"), babu "idan" cikinai sam

Bashir: To in yaron ya faɗi kuma Baba ya sai mai wayar fa? Ai nan ma maganar ta rushe

Hauwa'u: Ba ta rushe ba, Baba bai ce komi ba kan faɗuwa, in ya saya tausayi ne ba ƙarya ba

Malam Nasiru: Hauwa'u ta yi daidai. Ku zana teburin gaskiya da ƙarya na p da q, layi 4 ne, p ⇒ q (idan p to q) ƙarya take a layi 1 kaɗai, inda p gaskiya q ƙarya. Aminu ka duba inda yaron ya faɗi, maganar farko gaskiya ce kuma taka ma gaskiya ce, to magana da kishiyarta ba su taɓa zama gaskiya lokaci guda, wanga kaɗai ya isa ya kada amsarka

Aminu: Malam Allah shi gafarta, amma a maganar yau da kullum in anka ce "in ka ci zan saya" kowa ya san in ba ka ci ba ba ka samu

Malam Nasiru: A gida haka muke fahimta, a jarabawa wannan juyawa ce daban. Idan mutum ɗan Wamakko ne to ɗan jihar Sokoto ne. Wanda ba ɗan Wamakko ba shi ke nan ba ɗan Sokoto ba ne? Ina mutanen Tambuwal da Illela? Juyawar da ke daidai da ta asali guda ce, ~q ⇒ ~p, wanda ba ɗan jihar Sokoto ba, ba ɗan Wamakko ba ne

Bashir: To "duk ɗalibai sun ci" kishiyarta "babu wanda ya ci" ke nan ko Malam?

Hauwa'u: Haba Bashir, mutum 1 ya faɗi ya isa